Allon Rukuni na Uku

Litinin, 6 ga Mayu, bayan La'asar

Dakta Badaru ne ya sa na sayi wannan littafin. Shi ne malamin da ke duba aikina na kammala digiri, wanda nake shiga birni dominsa duk bayan mako biyu. Ya ce, "Malama Rahmatu, duk abin da kika gani a aji ki rubuta shi a ranar, kada ya kwana." To yau na gani, kuma ba na son rubutawa.

Hadari ya rufe sama tun jiya bai zubar da ko ɗigo ba, sola ba ta ja wuta ba, allunan nan takwas duk suka mutu. Allo muke kiran kwamfutocin hannun da wata ƙungiya ta ba makarantarmu bara. Ina tsaye ina tunanin yadda zan yi da yara arba'in da uku, sai ga hedimasta, Malam Dallatu, da littafin Hausa a hammata. Ya ce tunda injin ya huta, bari ya ji kowa da bakinsa, don ya san waɗanda zai sa sunansu a jarrabawar shiga ƙaramar sakandare. Hure, wata ɗaliba a rukuni na uku, ba ta zo ba, ta raka uwarta kasuwar Kunci.

Aka fara daga bencin gaba. Aka zo kan rukuni na uku.

Ina da wanki. Gobe na rubuta sauran.

Talata, 7 ga Mayu, da hantsi, lokacin tara

'Yar Inna ba ta iya karatu ba. Ga shi na rubuta.

'Yata ta fari, shekararta goma sha biyu, tana aji shida, ajina, a gaban idona wata takwas. Malam Dallatu ya miƙa mata littafin, ta riƙe shi, ta sunkuyar da kai, ta tsaya kamar an dasa ta. Ya ce, "Layin farko kawai." Ko uffan. Ya juyo ya dube ni, na dubi allon bango. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ba na faɗar sunanta, ko a nan ba zan rubuta shi ba. Haka na tashi na ga uwata tana yi da yayanmu. Tun da na yaye ta surukata ta ɗauke ta, shi ya sa ake ce mata 'Yar Inna, sai da Inna ta rasu shekara uku da suka wuce ta dawo ɗakina. Yaya take ce mini a gida, a makaranta Malama. In ana kiran rajista monita nake ba, in ina zagaya rukunai ina tsallake nasu, in tambaya ta faɗo kanta sai in ce "na kusa da ita." Mutane har yabona suke, wai Malama Rahmatu duk bokonta ba ta zubar da kara ba. Ni ma ina jin daɗin yabon.

Kuma me zai sa in damu? Rukuni na uku ne ke kan gaba kullum. Allon yana karanto labari, ya yi tambaya, yara biyar su haɗa kai su taɓa amsa, ya ba su tauraro. Taurarinsu sun fi na kowa. Ashe allon ba ya tambayar yatsan wa ya taɓa.

Talata, kafin Magariba

Na ɗauko babi na biyu na aikina na sake karantawa, kamar mai neman wanda zai zarga. Sunan da na ba shi ma har yanzu yana burge ni, Gayya a Cikin Aji. Na rubuta cewa akwai abin da yaro zai iya shi kaɗai, akwai abin da ya fi ƙarfinsa, a tsakani kuma akwai abin da zai iya in wanda ya ɗan fi shi ya kama masa, kuma a wannan tsakanin ne koyo yake. Na ce mu ba sai Bature ya koya mana wannan ba, mu da muke gayya, wanda ya gama layinsa ya koma ya kama wa na baya.

A gefen shafin akwai jan biron Dakta tun watan Janairu: "A gayya gona ake so ta ƙare. Ke kuma me kike so ya ƙare? Ina inda kowane yaro zai amsa da kansa?" Na tuna na karanta na ce a raina, ɗan birni, me ya sani game da gayya.

Laraba, 8 ga Mayu, bayan an tashi

Hure ta dawo. Ita ce shugabar rukuni na uku, 'yar Larai maƙwabciyarmu, kuma duk ajin babu mai kanta. Na sa ido a kansu yau, karo na farko. Na ga bakinta a kunnen 'Yar Inna, na ga yatsanta yana riga na kowa zuwa kan allo. Raina ya tashi.

Na tsayar da ita a gaban aji. Na faɗi maganganu. Na watsa rukunin, na mayar da ita bencin baya ita kaɗai, na kulle allo na uku a kabad.

Abin da na faɗa daidai ne. Wani ne ya ɓoye mini yarinya wata takwas, ba ni na ɓoye ta ba.

Alhamis, 9 ga Mayu, da safe

Malam Dallatu ya ce ya ɗaga wa waɗanda suka kasa ƙafa zuwa Litinin goma ga Yuni. Sakin layi ɗaya ne, layi shida. Wanda ya kai ƙarshe a sa sunansa, wanda bai kai ba shi ke nan. Ya rage murya ya ce, "Ke ce malama, ke ce uwa. Wata guda ya ishe ki." Na ce in sha Allah.

Asabar, 11 ga Mayu, bayan La'asar

Na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, na aika ƙanenta ya kira ta. Ta zo ta durƙusa can bakin tabarmar. Na ce ta matso, ta matso kamar taki ɗaya na kaza. Sai a lokacin na lura ba mu taɓa zama a tabarma ɗaya ni da ita ba, sai dai in cin abinci ne da mutane.

Na nuna baƙi na ce mene ne wannan. Shiru. Na ce mata sunansa "ba". Ta motsa leɓe, ban ji komai ba. Ita tana kallon ƙasa, ni ina kallon littafi, mun yi awa guda a haka kamar baƙin da suka haɗu a asibiti. Na koyar da 'ya'yan mutane shekara goma sha huɗu, na san yadda ake lallaɓa yaro, na san wasa, na san waƙar baƙaƙe. A gabanta duk suka gudu, muryata ta koma ta mai karanta sanarwa.

Lahadi, 12 ga Mayu, bayan La'asar

Haka dai.

Litinin, 13 ga Mayu, bayan an tashi

Hure ba ta zo ba. Bencin baya babu kowa. Yara goma sha ɗaya ne ba su zo ba, wasu an tafi da su gona binne iri tun ruwa bai sauka ba, wasu kuma na san dalili, ba a hura wuta a gidansu da safe. Ita ma cikin waɗannan na lissafa ta, don ya fi mini sauƙi.

Laraba, 15 ga Mayu, da safe

Jiya bayan Magariba Maigida ya yi maganar 'Yar Inna. Yana cin kwaɗon rama, don shi ne abincin yanzu, gero ya yi tashin da ba a faɗa tun da aka cire tallafin mai, rumbunmu kuma tun azumi ake jin ƙasansa. Bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa. Ya ce ƙanwarsa ta Kunci ta sake aiko da saƙo, tana neman mai taya ta suyar ƙuli da kai man gyaɗa kasuwa, kuma can aƙalla ana ci sau uku. Ya ce, "In yarinyar nan ta ci gwajin, ko akuyar nan zan sayar ta wuce sakandare. In ba ta ci ba, Rahmatu, zaman me za ta yi? Ta maimaita aji shida a ajinki?"

Na ce za ta ci. Ya ce Allah ya sa. Ya tura mini sauran kwaɗon ya ce ya ƙoshi, na kuma san ƙarya yake.

Alhamis, 16 ga Mayu, kafin Magariba

Kwana shida muna kan shafi ɗaya. Yau na ce ta karanta "gida", kalmar da ɗan aji biyu ke karantawa yana tsalle. Na maimaita sau biyar. Hannuna ya riga ni.

Ba ta yi kuka ba. Ta tattara littafin ta ajiye a gabana da hannu biyu, ta ce, "Yaya, in je in ɗebo ruwa?" Randunan a cike suke. Na ce je ki.

Juma'a, 17 ga Mayu, bayan an sauko daga masallaci

Larai ta shigo. Ba ta zauna ba, ko tabarmar ba ta kalla ba. Tun da mijinta ya rasu ni ce nake hana ta cire Hure daga makaranta, ina ce mata wannan yarinyar likita ce, ki daure.

Ta ce, "Malama, ni jahila ce, ban san abin da ake yi a makaranta ba. Amma yarinyata kwana tara ba ta cin abincin kirki. Ta ce kin ce mata macuciya a gaban yara. Ta ce kin ce ta mayar da 'yarki jaka don ita ta haska."

Na ce ba haka nake nufi ba.

Ta ce, "Kin faɗa ko ba ki faɗa ba?"

Na sunkuyar da kai. Ta ce to, ta gyara mayafi ta fita. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Ke kika ce in daure. Na daure ne don ke."

Ban rubuta kalmomin ba ran Laraba. Yanzu ga su a littafin, da bakin wata.

Lahadi, 19 ga Mayu

An yi ruwa, kowa ya fita shuka. Ban ji komai ba.

Talata, 21 ga Mayu, da hantsi

Monita ne ya gaya mini, yana share allo, kamar labarin banza. Wai da asuba an sa Hure a motar Bichi, wata mata mai kai yara aikatau ta tafi da ita birni.

Na ba yara aikin rukuni na fita bayan aji na tsaya. Rukunan da suka rage suna ta surutu, allunan suna ta rabon tauraro. Na ji na tsani ƙarar nan da suke yi in an ci, kamar ana kaɗa cokali a kofi.

'Yar Inna ta riga ni sani. Tun safe idonta a kumbure, kuma ba ni na isa in tambaya ba.

Alhamis, 23 ga Mayu, bayan La'asar

Tabarma, littafi, shiru. Ta daina ko motsa leɓen. Saura kwana goma sha takwas.

Juma'a, 24 ga Mayu, da yamma

Dakta Badaru ya kira, na hau tudun bayan gida inda ake samun sabis. Ya ce ina babi na huɗu. Na ce Dakta aikin ya rushe, gayyar ƙarya ce, masu ƙarfi ne ke noma raunana suna bin bayansu. Ban ce masa 'yata ba ce, na ce wata yarinya.

Ya ce, "To ai kin samo wani abu, ba rushewa ba ce. Amma kafin ki yanke hukunci, me allunan suka ajiye? Akwai wurin da yara ke ɗaukar muryarsu in suna karatu. Kin saurara?"

Na ce taurari kawai nake kwafewa.

Ya ce in saurara tukuna.

Lahadi, 26 ga Mayu, da hantsi

Na kawo allo na uku gida jiya, na sa shi a rana ya sha wuta. Kowa ya tafi gona, gidan ni kaɗai da kaji. Na buɗe wurin muryoyin. Guda sittin da ɗaya ne, kusan duka lokacin tara aka ɗauka, sa'ad da nake ofis ina shan shayi da malamai.

Na farko na watan Nuwamba ne. Muryar Hure: "Wannan baƙin mai cikin a gaba 'ba' ne, mai cikin a baya 'da' ne. Kamar Malam Dallatu in ya juyo, da in ya juya." Sai dariya. Dariyar mutum biyu. Na tsayar na mayar baya, don ban gane ta biyun ba. Shekara uku tana ɗakina ban san haka take dariya ba, da ɗan shaƙewa a ƙarshe irin na Inna.

Na watan Janairu, tana haɗa baƙi da wasali, Hure na faɗa tana maimaitawa. Na Fabrairu, Hure ta fara faɗar rabin kalma ta bar mata rabi. Na Maris na ji ta ce, "Faɗa mini mana," Hure ta ce, "Na ƙi. Jiya ke kika faɗe ta. Ni zan kalli taga, in kin gama ki taɓa ni." Aka yi shiru mai tsawo, har na ɗauka ya ƙare. Sai ga muryar can ƙasa: "Ka... ka-su... kasuwa." Hure ta ce, "Ci gaba."

Na ƙarshe ranar Alhamis biyu ga Mayu ne, kwana huɗu kafin hedimasta ya shigo. 'Yar Inna ta karanta layi biyu cur, tana tuntuɓe tana tashi, ba a faɗa mata ko kalma ɗaya ba. Duk inda ta tsaya sai dai a ce mata ci gaba. Da ta kai ƙarshe ta ce, "Kada ki gaya wa Malama tukuna. Sai na iya duka."

Duk abin da na cika babi na biyu da shi, a kama wa yaro, a riƙa sassauta hannu kaɗan-kaɗan har a sake shi, yarinya 'yar shekara goma sha uku da ba ta karya kumallo ta yi shi a bayan idona, ba ta taɓa jin sunansa ba. Saura ƙiris ta saki. Ni na zo na ce mata macuciya.

Na zauna a wurin har rana ta bar tsakar gida. Ban dafa komai ba.

Litinin, 27 ga Mayu, bayan La'asar

Na je gidan Larai. Na durƙusa, ni da na girme ta. Na ce na zalunci Hure, a dawo da ita, zan faɗa a gaban ajin da na faɗi wancan.

Tana tankaɗe garin rogo, ba ta daina ba. Ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma a dawo da ita ta ci me? Can tana cin shinkafa. Kuma na riga na ba matar nan kalmata har shekara."

Da ƙyar ta gaya mini unguwar. Rijiyar Zaki, wani gida mai baƙin get bayan wani kemis. Ikon Allah, nan nake sauka duk zuwana karatu.

Laraba, 29 ga Mayu

Na mayar da rukuni na uku yadda yake, su huɗu. Na ba su allonsu. 'Yar Inna ba ta taɓa shi ba.

Asabar, 1 ga Yuni, a mota, hanyar dawowa

Ban shiga lacca ba. Gida huɗu masu baƙin get na ƙwanƙwasa kafin na dace. Hure ce ta buɗe, da tsintsiya a hannu da wata doguwar riga da ta yi mata yawa. Ta ganni ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Malama, ina wuni." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na faɗi abin da na zo faɗa, a tsaye a bakin get, masu babur suna wucewa. Ta ce ba komai Malama. Sau uku tana cewa ba komai, tana kallon tsintsiyar. Sai ta ɗago ta ce, "Ta kai shafi na nawa?"

Na ce tun da kika tafi ba ta buɗe baki ba.

Ta ce, "Ai ba a kallonta. In ana kallonta baƙaƙen guduwa suke mata. Ki ba ta baya, ki yi wani aikin. Kuma kada ki gyara mata da wuri, tana sane, jira take ta tabbata." Ta ƙara da cewa, "Kuma tsoronki take ji, Malama. Ba tsoron duka ba. Ta ce ke kin iya komai."

Aka kira ta daga ciki. Ta ce in gaida Innarta, ta rufe get ɗin a hankali.

Har muka wuce Dawanau ina kuka cikin mayafi, wata tsohuwa kusa da ni tana ta ba ni haƙuri, ta ɗauka rasuwa aka yi mini.

Litinin, 3 ga Yuni, bayan La'asar

Na gwada. Na sake kawo allon gida, na ajiye wa 'Yar Inna shi da littafin a tabarma, na juya baya na kama tsinke zogale. Na ce wa bango, ba ita ba, "Na ga Hure. Tana tambaya shafi na nawa aka kai."

Na tsinke zogalen duka na koma ina tsinke sandunan. Can na ji an taɓa allon, muryar Hure ta fito tana cewa ci gaba. Ta kashe da sauri. Ta gane na saurara. Ta tashi ta shige ɗaki.

Ko wannan ma na ɓata. Sirrinta ne, na shiga ba sallama.

Laraba, 5 ga Yuni, kafin Magariba

Yau ban zauna ba sam. Na bar littafin a kan turmi na shiga madafa na rufe ƙyaure rabi. An daɗe. Sai na ji ƙus-ƙus kamar mai addu'a. Na riƙe muciya ban motsa ba har tuwon ya kama, ƙauri ya cika gidan. Maigida ya ci a haka.

Ban san ko layi nawa ba ne. Ban isa in tambaya ba.

Juma'a, 7 ga Yuni

Ƙus-ƙus jiya, ƙus-ƙus yau. Saura kwana uku. Ina ma da wata uku ne.

Asabar, 8 ga Yuni, da hantsi

Na je gidan Malam Dallatu na roƙe shi abu ɗaya, in ta zo karatu ya kalli taga. Ya yi dariya ya ce wannan kuma cikin digirin ne? Na ce eh. Ya ga fuskata ya daina dariyar, ya ce zai kalla. Ya ce amma layi shida layi shida ne, akwai 'ya'yan mutane tara da za su tsaya a gabansa ranar, ba zai auna tawa da wani mudu daban ba. Na ce ban roƙi wannan ba. A hanya na yi ta jin haushin kaina da ban roƙa ba.

Litinin, 10 ga Yuni, bayan Azahar

A ofishinsa aka yi, ɗaya bayan ɗaya. Na ce ba zan je kusa ba. Da aka kira ta sai na tsinci kaina a jikin bangon ofis ta waje, ƙarƙashin taga, na ba tagar baya kamar mai shan inuwa.

Ya cika alkawari, na ji kujerarsa ta juya. Sai ta fara.

Ta karanta layin farko. Ta shiga na biyu, ta yi tuntuɓe a "makiyayi", ta koma ta ɗauko ta da kanta. Na uku ya fita sumul, har na ji Malam Dallatu ya ce uhm. Na dafe bango.

A farkon na huɗu ta tsaya.

Na san tsayuwar, na ji irinta sau sittin a cikin allo. Ba ta ɓace ba, jira take ta tabbata. Kalma biyu kawai take buƙata, ko ma ba ta buƙatar komai sai a ƙyale ta. An gaya mini. Hure ta gaya mini a bakin get, kada ki yi da wuri. Na ƙirga a raina har goma, na ji kamar shekara, na ji tsoron kada ya ce lokaci ya yi.

Na ce, "Ci gaba."

Ban ɗaga murya ba. Amma tagar a buɗe take.

Na ji an rufe littafi. Malam Dallatu ya ce, "A'a, ɗauki mana, kina yi da kyau." Ya jira, Allah ya saka masa, ya jira fiye da yadda ya jira kowa. Sai na ji ta ce, "Malam, na gama."

Mutum shida suka ci cikin goma.

Talata, 11 ga Yuni

Ban je makaranta ba. Na aika a ce zazzaɓi.

Alhamis, 13 ga Yuni, da hantsi

Maigida ya ce gara 'Yar Inna ta tafi Kunci kafin Sallah, lokacin ne ƙanwar tasa ta fi buƙatar hannu. Na ce a bar ta ta maimaita, zan roƙa a sauya mini aji. Ya ce, "Rahmatu, dubi rumbun nan." Ya ce in kaka ta yi kyau a sake shawara. Mun san yadda irin wannan shawarar take ƙarewa.

Na haɗa mata kaya a baƙar leda, kala uku da sabulu. Na sa littafin Hausa a tsakiya, na cire, na sake sawa.

Mai babur ya zo da wuri. Ta gaida babanta, ta shafa kan ƙanenta. Ta zo gabana ta durƙusa kamar kullum, kanta a ƙasa. Na ce Allah ya kiyaye hanya, a yi biyayya. Abin da ya fito ke nan. Ina da magana cike da ciki, abin da ya fito ke nan.

Ta miƙe ta kai bakin zaure, sai ta dawo. Ta ɗago ta dube ni a ido, abin da ban tuna ta taɓa yi ba.

Ta ce, "Yaya, in kin shiga birni, ki gaya wa Hure na kai layi uku ni kaɗai."

Na ce to.